Nata'ala Ya Ga Teku

A shekarun da gyaɗa ke tashe, lokacin da duk babbar motar da ta bar Gwarzo za ka gan ta a rankwafe da buhuna ta nufi Kano, an yi wani mutum a garin ana ce masa Nata'ala. Manomi ne. Idan kaka ta yi kuma yakan zauna a gindin sikelin masu sayen gyaɗa yana ɗinke bakin buhu. Amma sana'arsa ta ainihi ita ce ba da labarin kansa. Shi ne ya taɓa kama kura da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da rake. Shi ne ya taɓa ceto jaki a rafin da kowa ya san ruwansa ko idon sawu ba ya rufewa. Mutanen gari ba sa ƙaryata shi, don an gwada an ga ƙaryatawa tsawo take ƙara wa labarin. Mutum ɗaya ne ke tanka masa, Sajo wanzami, wanda rumfarsa ke kallon sikelin.

Ana nan wata rana sai ga wani Bature ya ratso garin a kan babur, fuskarsa ta ƙone jajir, kayansa ɗaure a baya. Akawun sikeli ya yi masa Turanci, ya juyo ya gaya wa jama'a wai mutumin nan Sahara ya keto, ta Agadas ya biyo, Ikko ya nufa. Baturen ya sha ruwa, ya ɗan zauna a inuwa, ya hau ya wuce. Gari ya ɗauka. Aka yi makonni ba a hirar kowa sai tasa, ba wanda ya sake tambayar Nata'ala labarin kura.

"Wai ni me ya yi ne?" in ji Nata'ala wata safiya, yana soka basilla a buhu.

"Sahara ya keto," in ji Sajo yana wasa aska.

"Ai na gan shi ya tsaya. Ya sauka. Har zama ya yi."

"To, mutum ne."

"Ni in na hau, daga nan har Ikko ba zan sa ƙafata a ƙasa ba sai na ga teku."

"Kai da ban taɓa ganinka ko a kan keke ba."

"Keke na malaman makaranta ne."

"Haka ne," in ji Sajo. "Allah ya kawo babur ɗin."

Da Sajo ya yi dariya, da maganar ta mutu a nan. Rashin dariyar ne ya ƙona wa Nata'ala rai. Kafin mako ya zagayo ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya aiki Uwaisu direban motar gyaɗa ya sayo masa wani tsohon babur a Kano. Shanun nan kuwa ba guminsa ba ne. Surukinsa Malam Dabo na Kabo ne ya ba 'yarsa Hajjo, matar Nata'ala, don kada mijinta ya ƙare rayuwa a kan fartanya.

Hajjo ta leƙa turke ta ga wayam.

"Malam, ina shanun?"

"Sun zama ƙarfe."

"Ƙarfen yana huɗa?"

"Yana abin da ya fi huɗa. In na dawo daga Ikko, kamfanin babur da kansa zai nemi in zama wakilinsa."

"Baba dai zai tambaya."

"Ta Kabo zan bi. Zan tsaya in durƙusa in yi masa bayani da bakina."

Da maganar ta kai rumfar Sajo, ya ce, "Na ji kamar an ce ba za a sa ƙafa a ƙasa ba."

"A kan tabarma zan sauka," in ji Nata'ala. "Tabarma ba ƙasa ba ce."

Ranar da Uwaisu ya sauke babur ɗin daga mota, kasuwa ta watse ta dawo kansa. Baƙi ne wuluk, yana ɗigar mai, an haɗo shi da hular kwano da wani tabarau mai igiya. Uwaisu ya ce bari ya ɗan koya masa a fili bayan gari. Nata'ala ya dubi taron da ke kallonsa, ya ga ba zai iya zama ɗan koyo a gabansu ba.

"Nuna mini inda ake sa shi gudu kawai."

"Ga totur nan a hannun dama, murɗawa ake yi. Wannan na ƙafa kuma birki ne."

"Birki na mai niyyar tsayawa ne."

Uwaisu ya cika masa tanki, ya bar masa shi a giya ta biyu, ya ce Allah ya tsare, ya koma lodinsa.

Tun da aka ji za a Ikko, kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a hanya. Tsohuwa Marka ta kawo kwandon zabi a kai wa ɗanta soja a Kaduna. Wani ya kawo ƙwaryar man shanu, wani ƙullin daddawa, wata ta kawo ƙuli-ƙuli ba ta ma faɗi wanda za a ba ba, ta ce in ya ga ɗan Gwarzo ya miƙa masa. Nata'ala bai ƙi na kowa ba. Aka ɗaure a gaba, aka ɗaure a baya, har wuri ya ƙare. Garwar fetur ta guzuri kuwa aka rasa inda za a rataye ta, sai shi da kansa ya nuna ƙarfen birki ya ce ga maƙali nan zaune ba aikin komai.

Sannan ya fito da dabararsa. Ya ce ya lura abin da ke sa Bature tsayawa shi ne gajiyar hannu. Saboda haka ya murɗa totur, ya sa igiyar fata ya ɗaure shi tam a jikin ƙahon babur, wato mariƙinsa, ya ƙulle, ya ƙara ƙullewa, ya tofa wa ƙullin yawu don ya kama.

"Wannan ko a Ingila ba su san shi ba," in ji shi.

"Ba su sani ba," in ji Sajo.

Da hantsi samari suka tura shi. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya fasa wata ƙara da ta sa jakunan kasuwa suka tsinke igiya. Nata'ala ya fice daga Gwarzo babbar rigarsa ta cika da iska, zabi suna kuka a bayansa.

Farkon tafiyar ta yi masa daɗi ƙwarai. Yana wuce masu jakai yana ɗaga musu hannu, yana jin tausayinsu. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin. Sai da ya hango rufin rumfunan Kabo sannan ya tuna da maganar tabarma. Ya ja ƙahon babur baya kamar linzami. Babur bai kula ba. Ya ce masa, "Ya isa." Bai ji ba. Ya laluba birki da ƙafa, ya ji garwa. Ya sunkuya ya kama ƙullin igiya da haƙori, ya tarar ya yi aiki mai kyau, ƙullin ya kama.

Ranar kuwa kasuwar Kabo ke ci. Malam Dabo ya riga ya sami labari a bakin 'yan mota, yana zaune a gindin wata babbar tsamiya tare da dattawa, an shimfiɗa wa baƙo tabarma. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, wanda ya fi sanin shanunsa da sunayensu fiye da jikokinsa. Nata'ala ya ga in ya wuce surukinsa ba gaisuwa, aure ya mutu. Sai ya karkata ya shiga zagaya tsamiyar.

"Salamu alaikum, Baba," ya faɗa yana wucewa.

Malam Dabo ya amsa wa ƙeyarsa. Jim kaɗan ya ɓullo ta ɗaya gefen.

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Sauko mana."

Ya tafi ya dawo, ya ɗan rusuna a kan sirdi don ladabi.

"Ina gajiya, Baba?"

"Ba gajiya. Ina shanun?"

"Na'am?"

Ya tafi ya dawo.

"Yaya iyali?"

"Iyalin ai suna wajenka. Na ce ina shanun?"

Wannan karon Nata'ala ya yi zagaye biyu yana tunani kafin ya amsa.

"Su ne nake kai, Baba."

Malam Dabo ya juya wajen dattijon da ke kusa da shi. "Ya ce su ne yake kai."

Dattijon ya bi babur da kallo har ya zagayo. "To, sun yi baki," in ji shi.

Kowane zagaye sai ya ɗan fi na baya faɗi, don kan Nata'ala ya fara juyawa. Ya share tabarmar da aka shimfiɗa masa. Ya bi ta tsakiyar masu tukwane, ya fito da wata 'yar tulu a cinyarsa bai san yadda ta hau ba. Masu nono suka ɗauke ƙorensu suka hau kan tudu. Kwandon Marka ya bugi ginshiƙin rumfa ya buɗe, zabi suka tashi suka sauka a kan tsamiya suna kallon abin da suka baro. Ƙwaryar man shanu ta tuntsure a kan inji mai zafi, man ya narke yana tartsatsi, iska tana watso masa shi a tabarau. Daddawa ta faɗa ciki. Ƙamshin miya ya cika kasuwa, karnukan Kabo kaf suka bi bayansa.

"Ku riƙe shi," in ji Nata'ala, yana ƙoƙarin kada muryarsa ta nuna roƙo.

"Wa za a riƙe, kai ko shi?" in ji wani mahauci.

"Duk wanda ya samu."

Wani gwanin kama shanu ya warware igiya ya auna ya jefa. Igiyar ta tsallake Nata'ala ta zarge mai tallan goro. Aka koma rabon faɗa.

A zagaye na ƙarshe Malam Dabo ya miƙe tsaye ya ce, "Nata'ala, tun da nake ban taɓa ganin wanda ya gaishe ni a guje ba."

"Zan dawo in ƙarasa, Baba," in ji Nata'ala. Ya hango wata kafa tsakanin rumfuna biyu, ya cusa kai ya fita. A lissafinsa kudu ya nufa.

Hanyar ba ta mota ba ce, burtali ne. Ya bi shi yana tsalle a kan kunyoyin gonakin da aka cire gyaɗa, 'yar tulun ta faɗi, karnuka suka gaji suka koma. Yana cikin murnar ya rabu da su sai hanya ta bi ta ƙarƙashin wata ɗorawa mai reshe ƙasa-ƙasa, an ɗora amya a kai. Hular kwano ta daki amyar. Ƙudan zuma suka fito su ga wanda ya yi sallama, suka tarar da fuska shafe da man shanu. Kafin ya tsere musu, leɓensa ya yi kamar an ɗora masa ƙosai, idanunsa sun kumbura sun bar masa 'yar tsaga kamar bakin asusu. Kunnuwansa kuwa tun Kabo ƙarar inji ta toshe su.

Daga nan tafiya ta zama ta jimiri zalla. Bayansa ya ƙage, cinyoyinsa suka mutu, maƙogwaronsa ya bushe ga buta a ɗaure a baya ba halin juyawa. Azahar ta yi, ya ce shi matafiyi ne, zai haɗa. Duk hanyar da ta rabu biyu sai ya bi wadda babur ya zaɓa. Ya ratsa wani gari da bai gani sosai ba, ya yi ihu, "Wane gari ne nan?" Mutanen Sabon Birni suka gaya masa, bai ji ba, sai ya ce a ransa Zariya ce. Ya yi mamakin ƙanƙantarta. Ya ratsa Kara ya sa mata suna Kaduna. Ya faɗa wata ƙorama da ta kusa ƙafewa ya fita, ya ce Kogin Kwara ke nan, ashe shi ma baki ne ya yi masa yawa. Tsoron da ke cikinsa ya fara komawa alfahari. In dai haka duniya take, ai Baturen nan ba abin da ya yi.

La'asar sakaliya ya ji hanya ta gangara. Ta cikin tsagar idonsa ya hango wani abu shimfiɗe yana ƙyalli. Bai gama tunanin ko mene ne ba ya ji shi a ciki. Babur ya yi gurnani, ya yi tururi, ya yi shiru. Nata'ala ya zauna a kan sirdi, ruwa iya ƙirjinsa, kainuwa a kan hularsa.

Kududdufin bayan Gwarzo ne, inda ake haƙar ƙasar gini. Tun daga nesa mutanen gari suka ji ƙarar suka san ta, kafin ya faɗa sun cika bakin ruwan. Nata'ala ya ga inuwoyin mutane jere, ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Bayin Allah, wane gari ne nan?"

Sajo ya matso bakin ruwa ya tsuguna, ya sauya murya ya ɗaga ta don ya ji. "Ina ka nufa, baƙo?"

"Ikko."

"To, ka iso."

Nata'ala ya yi ajiyar zuciya ya yi hamdala. Ya shafa ruwan da tafin hannu. "Wannan shi ne tekun?"

"Shi ne."

Ya ɗiba ya kurɓa, ya yamutsa abin da ya rage na fuskarsa. "An ce mini da gishiri."

"Sai da safe ake zubawa."

"Ina jiragen ruwan?"

"Sun tafi kiwo."

Nata'ala ya gyaɗa kai. "Amma Hausarku ta fita."

"Wajen fatake muke koya. Daga ina kake?"

"Daga Gwarzo, can ƙasar Kano. Yau da hantsi na baro. Ba za ku san ta ba."

"Muna dai jin labari. Yaya mutanenta?"

"Mutanen kirki ne, sai dai ba su san duniya ba. Akwai wani wanzami, Sajo, askarsa ko man shanu ba ta yankawa. Duk wanda ya yi wa aski sai ya yi jinya. Saboda shi na yi tafiyar nan, don ya san akwai maza."

"Allah ya shirye shi," in ji Sajo.

Tsohuwa Marka ta kutso ta tsaya a bayan Sajo ta raɗa masa magana. Sajo ya ce, "An ce ka taho da saƙon zabi."

"Na bayar a Kaduna, hannu da hannu. Sojan har kuka ya yi. Ya ce a gaya wa tsohuwarsa ta rage surutu."

Marka ta buɗe baki, wata mata ta rufe mata shi da gefen mayafi. Mutane suna ta cije leɓe, wasu sun juya baya kafaɗunsu na rawa.

"Ba ka tsaya ko'ina ba?" in ji Sajo.

"Sai Kabo, wajen surukina. Na gaishe shi a natse. Ya sa mini albarka, ya ce shanu ai ba komai ba ne, in na dawo zai ƙaro mini wasu."

"Ban ce ba."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta ratsa toshewar kunnen Nata'ala. Ya cire tabarau. Ya sa yatsu biyu ya buɗe fatar idonsa ta dama. A bakin ruwa ga wani dogon tsoho a kan jaki, ƙafafunsa sun kusa taɓa ƙasa, ya riƙe kwandon zabi a gabansa.

"Baba? Kun zo Ikko?"

"Na zo."

"A me?"

"A jaki."

"Ta wace hanya?"

"Ta hanya."

A nan ne dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle. Wani ya faɗi yana birgima har ya gangara cikin ruwan. Nata'ala bai saki fatar idonsa ba. Ya juya da ita a hankali, ya ga rimin bayan gari, ya ga katangar masallaci, ya ga Sajo tsugune da zabirarsa a kafaɗa, ya ga Hajjo tsaye can gefe ta rufe rabin fuskarta. Ya saki idon ya rufe.

"Dama na ga kamar na san wurin," in ji shi.

Malam Dabo ya miƙa wa Marka kwandonta, ya ce yaran Kabo ne suka kamo su, ɗaya ta ƙi saukowa. Sannan ya ce da Hajjo ta je ta haɗa kayanta, za ta zauna a Kabo har ranar da ya ga shanu a turken gidan mijinta.

"Hajjo," in ji Nata'ala daga cikin ruwa, "ki yi wa Baba bayani."

"Malam, ai kai ka ce za ka yi da bakinka," in ji ta, ta juya ta tafi haɗa kaya.

Sai da aka sa igiya aka jawo shi, don ƙafafunsa sun ƙi miƙewa, aka ɗauke shi zuwa gida a yadda yake, zaune, hannuwa a gaba kamar har yanzu yana riƙe da ƙaho. Babur ya kwana biyu a ruwa kafin Uwaisu ya fito da shi ya mayar Kano. Abin da aka samu a kansa ɗan maraƙi ɗaya ya saya. Na biyun sai da Nata'ala ya yi rani guda yana dakon buhuna, ya yi damina guda da fartanya, yana zuwa Kabo biko a ƙafa, yana durƙusawa tun daga bakin zaure. Malam Dabo kan bar shi ya yi gaisuwar tun daga farko har ƙarshe, ba ya yafe masa ko ina gajiya. Da kaka ta zagayo Hajjo ta dawo.

Bayan wannan mutane suka ɗauka Nata'ala ya daina cika baki. Ya kuwa daina na wani lokaci. Har wata rana yana zaune a gaban Sajo ana yi masa aski, sai ga wani baƙo ɗan kasuwa ya zauna jiran layi, yana cewa yana son ya gwada kai fatu Ikko amma nisan ne ke ba shi tsoro, ko akwai wanda ya taɓa zuwa.

Kowa ya dubi ƙasa.

Nata'ala ya yi gyaran murya. "Ba wani nisa," in ji shi. "In mutum ya san hanya, kafin magariba ya isa."

"Sunkuyar da kai," in ji Sajo.